Kwanon Shayi a Gwiwar Dashnyam

Likita ya ce ɗinki goma sha ɗaya ne,
kada a girgiza shi.
Ya faɗa kamar bai taɓa bin hanyar Arkhangai ba.

Na kwantar da kujerar gaba, na shimfiɗa buzu,
babana ya shiga yana cizon leɓe.
Bai taɓa yarda da motata ba.
Wai abin da zai tashi ba tari, ba gyaran murya,
ko dai ba shi da rai,
ko kuwa munafuki ne.

Muka bar Ulaanbaatar da duhun asuba.
A cunkoson bakin gari injin ya yi barcinsa,
batir ya karɓi aiki,
muna silalewa kamar man shanu a kasko.
Ya ce, Narangerel, ta mutu.
Na ce, Baba, numfashi take ajiyewa.

Inda kwalta ta ƙare ya ce in tsaya.
Ya zaro kwanon katako daga ƙirjin rigarsa,
ya tsiyaya shayin madara da gishiri
har baki,
ya ɗora a gwiwa.
Haka, in ji shi, ake gwada doki mai takama.
In ya zuba, ki mai da ita wurin Japanawa.

To, ga fili, ba iyaka,
hanya bakwai sun rabu, duk ɗaya ce.
Na zaɓi wadda manyan motoci suka ƙi.
Rami ba a tunkarar sa gaba da gaba,
a karkace ake gaishe shi,
taya ɗaya ta shiga, ta fito, sannan 'yar'uwarta.
Gargada kuwa tana da saurin da take so:
ka gaza, haƙora su kaɗa,
ka wuce, gindin mota ya fara rawa.
Na laluba da tafin ƙafa har na samo.

Nauyinta a ƙasa yake, ƙarƙashin kujerar baya,
shi ya sa a kwana ba ta rausaya,
tana riƙe ƙasa kamar mai kokawa ya kafa dugadugai.
Amma cikinta gajere ne.
Kowane dutse sai na tambaye shi tsawonsa.

A hawan tudu injin ya farka da ɗan tsuma,
shayin ya yi zobe, zobe,
ya leƙa bakin kwano,
ya koma.
Babana bai dube ni ba.
A gangara na sassauta ƙafa,
allura ta nuna batir na cika,
gangara na biyan bashin da hawa ya ci.

Sai busasshen rafi.
Rana ta kashe min ido, na taka birki a makare,
birkin nan mai laushin fari da cafkar ƙarshe.
Ciki ya daki tsakuwa.
Ɗigo uku a wandonsa.
Hannunsa ya tafi kan ɗinkin, nawa ya daskare a sitiyari.

Ya daɗe yana duban ɗigon.
Ya ce, wannan ba laifin doki ba ne.

Da almuru muka hango tantin ulu da hayaƙinsa.
Injin ya sake yin shiru.
Muka ratsa tumaki, ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba.
Kare bai yi haushi ba sai da ya ji warinmu.
Inna Tsevelmaa na tsugune tana tatsa,
ba ta juyo ba
har sai da inuwarmu ta hau bokitinta.

Babana ya ɗaga kwanon da hannu biyu,
ya shanye, ya huce tun rana tsaka.
Ya goge baki. Ya shafa ƙofar motar
daidai inda wuya zai kasance.

Ya ce, in kin koma birni
ki sa a ɗaga mata ciki,
yatsa uku,
kar ya fi.